Bangon Surukina a Bukan Sidi

Surukina ya rasu da kaka, shekarar da aka mai da Lafia babban birnin jiha. Ciwon kwana huɗu ya yi. Mun kai shi makwancinsa kafin la'asar, muka dawo muka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron ƙofar gida.

Bakin masu gaisuwa bai zo ɗaya ba. Limamin unguwa ya ce mutum ne mai tsare salla, ya tsaya nan bai ƙara ba. Wani maƙwabci da suka taɓa rigima ya shafa addu'a, ya sunkuya wajen na kusa da shi ya ce, "To, yanzu bangon garin nan zai huta." Na ji shi. Matan kasuwar doya suka zo su bakwai, Tibi ne, kowace da doya ɗaya a ka. Suka sauke a zaure, suka zauna gefe suna wata waƙa ƙasa-ƙasa da yarensu. Babbarsu ta kama hannun matata ta ce, "Babanki shi ne gidan waya namu. Yanzu gidan waya ya rufe." A titi kuma direbobin manyan motoci suna rage gudu, su danna hon sau ɗaya, su wuce.

Ni ina zaune da nawa a ciki. Ɗan kwangilar da nake wa aiki ya samu aikin shafe duk bangon da ke bakin titi, daga Bukan Sidi har cikin gari, saboda manyan baƙi za su shigo sabon birni. Dogon bangon tsohon sito ya faɗo a rabona, kuma da fentin mai za a shafe shi, ba farar ƙasa ba. A bangon nan saƙon surukina yake, wanda ya shekara ashirin yana sabuntawa. Wanda aka yi wa saƙon bai gani ba tukuna. Mai sabuntawa kuma mun baro shi a ƙasa.

Ban yi makaranta ba. 'Yata ta biyu ke rubuta wannan, ni ina faɗa. Na ce mata ta sa yadda na faɗa, kar ta ƙara gishiri.

Kafin in fara shafe bango, rijiya nake haƙa. Wata ta rufta da ni a Arikya, aka zaro ni da ƙafa ɗaya a karkace. A haka na je wajen surukina neman 'yarsa. Dangi suka ce masa gurgu ne, ba shi da kowa. Ya dube ni daga sama har ƙasa ya ce, "To, wannan dai ba zai gudu ba." Ya ba ni. Sai daga baya na gane abin da ya sa gudu ne ya fara zuwa bakinsa.

Da can tebur gare shi a tasha, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Yana da auta, saurayi, ƙanin matata. Wata shekara da rani autan ya sa wa daji wuta don ya kori gafiya, iska ta juya, wuta ta cinye rumbunan doya na gida uku, shi ma ta ƙona masa hannun hagu. Uban ya mare shi a gaban jama'a, ya ce kar ya sake ganin fuskarsa. Washegari saurayin ya hau saman motar doya. Ba wanda ya san inda ya sauka. Mutumin da ke aika wasiƙar kowa ya rasa inda zai aika tasa.

Ya yi wata uku ba ya magana sosai. Ran nan ya ɗauki bokiti da tsani ya tafi bangon sito. Abin da ya rubuta, an karanta mini har na haddace: "Auta, dawo gida. Fushi ya ƙare. Babanka." Sama da boko, ƙasa da ajami. Matarsa ta ce masa ya haukace. Ya ce, "A mota ya bar garin nan. Wata rana a mota zai ratsa shi."

Yana da yadda yake aikinsa. Bular wanki yake jiƙawa da ƙaro don ta kama. In yana son baƙi, ya fasa tsohon batir ya kwaɓa garin ciki. Buroshi ba ya saye, reshen kwakwa yake daddakawa har bakinsa ya yi laushi. Rubutun farko da ya yi bai gamshe shi ba. Ya hau saman motar doya har Assakio ya dawo, sau uku, don ya ga abin da mai wucewa ke gani. Ya sauko ya goge duka. Ya ɗaga rubutun sama, daidai idon wanda ke zaune a kan kaya. Ya ja kowane baƙi ya kai tsawon hannun mutum, ya kwantar da su kaɗan wajen da mota ke fuskanta, kamar masara in iska ta bi ta kanta. Ya ce mai gudu numfashi ɗaya gare shi, duk abin da ya wuce numfashi ɗaya ba zai tafi da shi ba.

Ba ya ɓuya. Da tsakar rana yake fita, lokacin da zafi ya kwantar da gari, da wata tsohuwar rigar kaki a jikinsa. Da yawa sun ɗauka gwamnati ce ta sa shi.

Ni ban san baƙi ba, amma na san hannunsa. Ko a ina na ga rubutunsa sai in gane, yadda ake gane tafiyar mutum daga nesa. Akwai masu rubutu a bango a garin nan, masu zagin 'yan siyasa, masu hana fitsari, samari masu sa sunan ƙungiyar ƙwallonsu. Nasu kamar kaza ta bi ta kan taɓo. Nasa in ka tsaya a gabansa sai ka ji kamar wani ya rage murya yana yi maka magana.

Sai mutane suka fara zuwa. Ina nan ran da wata mai doya ta zo, ta durƙusa a ƙofar zaure.

"Baba, yaro na ya tafi Legas. Shekara biyar ban gani shi ba. Ka sa shi a bango."

"Me za a ce masa?"

"Ka ce shi mugu ne. Ka ce ƙafana yana ciwo. Ka ce baban shi ya mutu, gona ya zama daji, ƙanwan shi ya yi aure, akuya…"

"Mama, mota ba ta tsayawa. Zaɓi ɗaya."

Ta ƙirga da yatsunta. Sannan ta ce, "Ka ce ɗakin shi yana nan."

Ya sa ta faɗa da yarenta sau biyar yana saurare da ido a rufe, ya rubuta yadda ya ji, a jikin wata gada ta hanyar Makurdi. Bai karɓi komai ba. Bai taɓa karɓa ba. In ka matsa masa sai ya ce ka kawo bula.

Ba kowa ya so ba, kuma ba zan ce duk masu ƙi mugaye ne ba. Maƙwabcin nan da ya yi magana a zaman makoki, sabon yaɓe ya yi wa katangarsa saboda bikin ɗansa, ya tashi daga barcin rana ya tarar da saƙon wata tsohuwa a kai. Ya yi ta ihu har gaban mai unguwa. Yana da gaskiya. Katangarsa ce. Surukina ya je da kansa ya wanke, ya ba shi haƙuri a tsaye, ba a durƙushe ba, shi ya sa haƙurin bai shiga ba. Daga ranar bai ƙara taɓa gidan da ake kwana a ciki ba, sai sito, gada, kwalbati da kango.

Da soja suka karɓi mulki aka matsa wa tsaftar gari. Nan na samu aikin shafe bango da farar ƙasa. Bango na uku da aka nuna mini, na sito ne. Na tsaya da buroshi a hannu. Yarana biyu a lokacin, na uku yana ciki. Na shafe.

Da na koma gida na gai da surukina a durƙushe kamar kullum. Ya dubi farar ƙasar da ke ƙafata. Ya ce, "Sannu da aiki." Bayan kwana biyu ya ɗauki tsaninsa.

Haka muka yi shekaru. Ya rubuta, in shafe. Tsakanin mutum da surukinsa akwai kunya, ba a zama a yi irin wannan magana. Abin da na iya yi ɗaya ne. In na zo bangonsa sai in tsinka farar ƙasar da ruwa. In ta bushe, fari fat, oga ya duba ya wuce. Amma in ruwan sama ya jiƙa bangon sai shuɗin ya taso daga ƙasa a hankali, kamar fuskar mutum a cikin rijiya. Na sha tsayawa cikin ruwa ina kallo. Baƙi ɗaya ya fito, na kusa da shi ya biyo, har layin ya cika. Rana ta fito, su koma ciki. Duk damina bangon nan yana buɗe ido yana rufewa.

Sau ɗaya muka yi faɗa, shi ma ta bakin matata. Oga ya ce in aka sake ganin rubutu a rabona, in nemi wani aiki. Na dawo raina a ɓace. Na tarar da shi a tsakar gida yana daka reshen kwakwa, matata tana fere doya a tsakaninmu.

Na ce mata, "Faɗa wa Baba abincin jikokinsa yake wasa da shi."

Ya ce mata, "Faɗa wa mijinki ni ma ɗa gare ni."

Na ce, "Faɗa wa Baba wanda ya tafi ya tafi."

Wuƙar ta tsaya a hannunta. Na san na wuce gona da iri. Ya daɗe yana kallon reshen. Sannan ya ce, "Faɗa wa mijinki farar ƙasarsa ta cika ruwa. Algus yake yi wa gwamnati. Ran da za a kama ni, tare za mu tafi."

Matata ta ce, "Ni dai na gaji. Ga ku nan, ga kunnuwanku." Ta kwashi doyarta ta shige. Ya ci gaba da dakansa har aka kira magariba. Ashe ya sani tun farko.

An kama shi kuwa, amma shi kaɗai. A kan tsani 'yan sanda suka same shi. Suka kira ni ofis, suka jera mini hotunan bango biyar, suka ce in faɗa ko duk hannu ɗaya ne. Yana zaune a ƙasa, an cire masa hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, ban yi makaranta ba." Ba ƙarya na yi ba. A gaban alƙali aka tambaye shi wa ya ba shi izini. Ya ce, "Mai siton ya rasu, 'ya'yansa suna Jos. Na tambayi bangon, bai ce a'a ba." Mutane suka yi dariya. Alƙali bai yi ba. Mako biyu ya ba shi.

Ya fito ƙafafunsa a kumbure, kwarkwata a gemu. Wani da suka zauna tare ya ba ni labari cewa da gawayi ya cika bangon ɗakin, saƙon wannan, saƙon wancan. Suka ce masa, Baba, nan mota ba ta wucewa. Ya ce masu shigowa nan ma matafiya ne. Na ɗauka ya daddara. Kwana uku da fitowa ya aika a sayo bula.

Akwai abin da bangon nan ya yi wanda shi kansa bai nufa ba. Ba suna a rubutun, auta kawai ya sa, kuma ba gidan da ba shi da auta. Wata ranar kasuwa wani mutum ya yi sallama, baƙo, da zakara a hammata. Surukina ya fito da sauri har takalmi ɗaya ya zame masa. Ya tsaya. Ba nasa ba ne.

Mutumin ya ce, "Baba, kai ne mai bango? Ni Eggon ne, yaron mota. Shekara tara ban je gida ba. Sau huɗu ina wuce rubutun nan ina kau da kai. Na biyar na sauka. Na samu tsohona da rai."

Surukina ya ce, "Ya tambaye ka inda ka je?"

"Ya tambaya ko na ci abinci."

"Ya fi ni hankali."

Ya karɓi zakaran. Bai yanka ba, ya bar shi yana yawo a gida har ya tsufa. Irin wannan mutum uku na sani. Na wasu sun dawo. Nasa shiru.

Da ya tsufa ni nake riƙe masa tsani, ranar da ba ni da aiki, ina kallon gefe kamar wucewa nake. Hannunsa yana rawa a kan kofin shayi, amma in ya ɗora buroshi a bango sai ya tsaya cak. A ciwonsa na ƙarshe ya farka daga barcin rana ya ce wa 'yarsa ya yi mafarki. Wai baƙaƙen sun sauko daga bango ɗaya bayan ɗaya, sun jeru a gefen titi kamar awaki, sun kama hanya. Duk motar da ta tsaya sai su ɗaga kai su leƙa. Ta ce, "Sun same shi, Baba?" Ya ce, "Na farka suna tafiya."

Bayan sadakar uku oga ya aiko. Galan huɗu na fentin mai, kwana biyu. Fentin mai ba ya tsinkuwa da ruwa, kuma abin da ya rufe ya rufu. In na ƙi, wani zai shafa kafin azahar. Matata ta ajiye mini abinci ta juya baya.

Bayan asuba na ɗauki tsaninsa, da guduma, da ƙusa mai inci shida. Rubutu ban iya ba, amma bin layi na iya, wanda ya haƙa rijiya ya san yadda ake bin da'ira. Na hau. Na ɗora ƙusa a bakin shuɗin na fara sara, kaɗan-kaɗan, zurfin rabin yatsa. Ina da sunan da na sa wa kowane baƙi tun da daɗewa. Na sare mai kama da rumfa. Na sare tukunya, na sare sandar doya, na sare mace mai goyo. Na ajamin sun fi wuya, duk ƙugiya ne da ɗigo. Garin siminti yana zubo mini a ido. Wani lokaci sai in ji kamar hannun nan ba nawa ba ne, kamar ana jan shi. Ƙafata mai ciwo ta mutu a kan tsani, ban sauko ba.

Da la'asar oga ya zo a babur.

"Kai! Me kake yi a nan? Ina fenti?"

"Kankara nake, Oga. Fenti ba ya kama datti."

Ya matso. Ya yi makaranta, shi. Na ga bakinsa yana motsi.

"Ka ɗauke ni wawa ko?"

"A'a, Oga."

"Wane irin kankara ne ke bin rubutu?"

Ya dubi titi, ya dubi agogo.

"Gobe da azahar zan dawo. In na ga ko ɗigo ɗaya, kai da aikin nan kun rabu. Ka ji ni?"

"Na ji."

Washegari na shafa, shafi biyu. Da azahar bangon ya zama fari tas, yana ƙyalli har ido ba ya iya tsayawa a kai. Oga ya duba bai ga komai ba. Baƙi suka wuce da jiniya, su ma da tsakar rana. Duk da haka bai sake kirana aiki ba. Yanzu gadi nake yi. Ba komai.

Matata ta je da yamma ita kaɗai. Ta dawo ta tsaya a kaina ta ce, "Ka binne shi sau biyu." Na ce ta shirya, da safe za mu fita. Ni ma ban tabbata ba.

Muka isa gari bai gama wayewa ba. Bango fari, ba komai. Mai koko tana hura wuta a tsallaken titi. Muka tsaya. Sai rana ta leƙo ta gefe, haskenta ya kwanta a jikin bangon. Inuwa ta fara shiga cikin saran, siririya kamar zare. Rumfa ta fito. Tukunya ta biyo. Ba shuɗi, ba baƙi, inuwa kawai, tana tafiya daga wannan baki zuwa wancan, har duka layi biyun suka tsaya a sama.

Matata ta sa hannu a baki. Sai kuma ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Baban yara, har tsagar bango ka bi! Ga wata doguwar wutsiya ka yi wa kalmar gida, ta sauko har ƙasa. Wannan kuma kashin tsuntsu ne ka sare."

"Duk abin da na gani na bi. Ana karantawa?"

Ta share ido da bakin mayafi, ta sake dubawa tun daga farko.

"Ana karantawa."

Bai daɗe ba. Kafin mai koko ta sallami mutum goma rana ta ɗaga, bangon ya koma fari.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa marin nan, ya sa ya huta. Wanda katangarsa ta ɓaci a hannunsa, ya yafe masa. Ku kuma masu karanta wannan, in kun san wani mutumin Lafia a wani gari, ya kusa arba'in yanzu, yana da tabon ƙuna a hannun hagu, ba ya son a tambaye shi gida, ku ce masa ya bi ta Bukan Sidi. Ku ce masa da sassafe, kafin rana ta ɗaga. Da tsakar rana ba zai ga komai ba.